Waken Madina

Fannami ya fito daga bayan gida da buta a hannu, ya tsaya a bakin zaurensa ya yafito ni.

"Bafillace, ajiye rediyon nan ka zo ka ga wani abu."

Ranar Laraba ce, bakwai saura kwata na safe, cikin watan Agusta. Ina kan benci a ƙofar gidana ina jiran labarin ruwa, domin a makon nan kogin Haɗejiya kullum hawa yake. Na bi shi cikin zaure. Ya ɗauko wata gorar roba da ya yanke wa kai, ya ɗaga ta wajen haske. Fitsarinsa ne. Ja ne mai duhu, kamar zoɓon da ya kwana.

"Tun jiya da la'asar," in ji shi. "Na zaci rana ce ta buge ni a bakin jinga. Ga ƙuguna kamar an daka."

Na dubi idonsa. Farin ya koma rawaya.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da Fannami. Shi Babarbare ne, kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi, yana noman shinkafa a fadamar da ke kan hanyar Auyo. Ni Bafulatani ne, na yi aikin jarida har na ajiye. Saboda wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ban tuna ranar da ya kira ni Abdulwahid ba. Shi ya ce mini Bafillace, ni in ce masa bawana.

Ranar Asabar da ta wuce na dawo daga Umara. Ban da dabino da zamzam, na zo da kilo biyu na busasshen ful, wato wake mai faɗi, ruwan ƙasa, wanda ake karin kumallo da shi a can. A Madina na saba da shi. Matata Saudatu ta jiƙa ya kwana, ta dafa shi ranar Litinin da albasa da tumatir da man gyaɗa, na kira Fannami da burodi biyu. Ya ɗaga murfin kwanon, ya tsaya yana kallo.

"Wannan ba shi ne waken Gabas ba?"

"Shi ne. Abincin manya. Sa hannu."

"Inna ta ce kada mu ci wannan."

"Saboda me?"

"Oho. Wai ba ya karɓar 'yan gidansu."

Na yi dariya har na ajiye burodin. "Ka ji bawa! Tsage ya cika fuska, ana ta cika bakin jikan mayaƙa, ashe wake ke kora ku. Bari in kira mutanen masallaci su shaida."

"Kai ɗin nan da aka yi rainonka da nono da ganye?" Ya gyara zama. "To ni ɗan gidan ubana ne. Abin gidan su Inna nasu ne, su suka sani. Matso da kwanon."

Ya ci, ya ƙara. Ranar Talata shi da kansa ya leƙo ya ce a zuba masa.

Wannan safiyar ta Laraba ban tuna da waken ba. Na ce masa mu je asibiti. Ya ce ba zai je ya yini a layi ba alhali ruwa ya kusa kai bakin jinga, jingar da ke tare kogi daga gonarsa da ta mutum sama da arba'in. Muka tsaya a kan mai kemis na bakin titi. Mai kemis ya ja fatar idonsa ƙasa, ya juya tafin hannunsa.

"Baba, shawara ce, da maleriya a kai. Jininka kuma ya yi ƙasa sosai. A samu abin ƙarin jini a ci. Wake, alayyahu, hanta."

Ya ba shi ƙwayoyi da kwalbar tonik. Da muka dawo, matarsa Ya Mairam ta tsaya bayan labulen zaure na faɗa mata abin da aka ce.

"Wake?" ta ce. "Ai ga na Madina a gidanku. Wane wake ne zai fi shi albarka?"

Na shiga gida na ce wa Saudatu ta miƙa musu duk abin da ya rage a buhun.

Ranar Alhamis bai fita ba. Na same shi kwance a zaure, waya a kunne, yana faɗa da wani Munzali, wanda ke jagorantar masu cika buhunan yashi a bakin kogi. Jimla ɗaya sai ya tsaya ya ja numfashi. Ya tashi zaune, ya koma ya kwanta, ya sa na jawo masa takalmansa, ya ce in mayar.

"Ka sauka daga kan dokin taurin kai mu tafi asibiti," na ce.

"Gobe. Bari maganin ya yi aiki. Mairam ta ɗura mini wakenka har ya fito mini ta hanci."

Ranar Juma'a, sha ɗaya da rabi, ya faɗi a wajen alwala. Na ji ihun Ya Mairam ta katanga. Ni da wasu maƙwabta biyu muka sa shi a bayan motata. A hanya kansa yana kan cinyarta, yana tambaya ko an kira salla.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, sunanta Adila. Ta duba idonsa da harshensa, ta sa aka ɗebi jini, aka sa masa oksijin da robar fitsari. Bayan minti arba'in ta fito da takarda. Ya Mairam tana ciki wajensa, don haka ni ta samu a baranda.

"Baba, kai ne ɗan'uwansa?"

"Maƙwabcinsa ne. 'Ya'yansa uku duk mata, suna gidajen aure."

"Jinin da ya rage masa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ba. Babu maleriya. Wani abu ne ke farfasa masa jini. Me ya sha? Ana sa masa kafur a cikin kaya?"

Na nuna mata ledar mai kemis. Ta zazzage, ta karanta ɗaya bayan ɗaya, ta ture gefe.

"Abinci fa? Akwai abin da ya ci a makon nan wanda bai saba ci ba?"

Na faɗa mata. Na faɗi rana da rana, kwano da kwano, daga Litinin zuwa safiyar nan. Ta daina rubutu.

"Har yau da safe?"

"Har yau da safe."

Ta yi mini bayani a tsaye, cikin sauri. Akwai mutanen da ake haifa da ƙarancin wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, su likitoci suna ce masa G6PD. Mutum zai yi shekara sittin lafiya lau bai san yana da shi ba. Ranar da ya ci wannan waken, ko ya sha wasu magunguna, sai ƙwayoyin su shiga fashewa. Abin da muka gani a gorar nan jininsa ne ke fita. Ta ce gwaji ba ya nuna gaskiya a tsakiyar ciwo, amma alamun sun cika.

"Waken namu fa? Tun yana yaro yake cin ƙosai."

"Namu ba ruwansa. Wannan kaɗai. Yanzu jini nake so, leda uku aƙalla. Wanda muke da shi na rukuninsa ya ƙare, lokacin maleriya ne, yara sun shanye. Ka nemo mutane."

Na naɗe hannun riga. Ta tambaye ni shekaruna da maganin da nake sha, ta ce in sauke.

Na shiga wajen Fannami. Ya Mairam ta fita sayo ruwa. Ya janye robar oksijin daga hancinsa.

"Me yarinyar nan ta ce?"

Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini. Ya ɗaga ido ya kalli silin. Can ya fara dariya, dariyar ta koma tari.

"Shekara ɗari biyu Fulani na neman yadda za su yi da mu. Ashe wake."

"Fannami."

"Ka ji ni. Kada Mairam ta ji. Kwano biyar ta ba ni da hannunta, tana cewa in daure. In ta ji ba za ta ƙara barci ba. Ka ce shawara ce."

"To."

"Ba to na 'yan jarida ba."

"Na ce to."

Na kira 'ya'yansa. Mansura a Kafin Hausa tana da ciki wata takwas. Ma'u tana shayarwa. Ummussalma, autar, wayarta a kashe. Surukansa biyu suna Legas, na ukun ya ce yana hanya. Ƙarfe uku na bar mota a inda kwalta ta ƙare, na hau ɗan acaɓa zuwa bakin jinga.

Mutum kusan talatin ne a wurin, laka har gwiwa, suna miƙa wa juna buhu. Ruwan ya kusa daidai da kan jingar, a wuri biyu yana tsiyaya ta ƙasa. Munzali ya zo yana goge hannu a wando.

"Malam, yaya jikin Baba?"

"Jini ake nema. Yanzu."

"Jini?" in ji wani daga cikin ruwa. "Wanda muke da shi sauron fadama ya riga ku."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Munzali ya dubi jingar, ya dube ni.

"In muka watse daga nan ruwa ya shiga, shi da kansa zai tashi daga gadon ya tsine mana."

"Mutum biyar nake so, ba talatin ba."

Ya kira sunaye. Ɗaya ya ce shi tsoron allura yake ji, aka yi masa ihu, ya fito yana gunaguni. Huɗu suka biyo ni a babur biyu, da lakarsu. A ɗakin gwaji biyu ne jininsu ya dace. Ɗaya daga cikin biyun aka ce shi kansa jinin bai ishe shi ba. Leda ɗaya aka samu. Shida saura minti goma aka rataya ta.

Da safiyar Asabar ina baranda sai ga Ya Mairam da kula a hannu, ta je gida ta dawo. Na tare ta a bakin ƙofa.

"Ya Mairam, me ke ciki?"

"Waken nan ne, na dama shi da laushi. Leda ɗaya me za ta yi masa? Gara a taimaka ta baki."

"Likita ta hana shi cin komai."

"Jiya nas ta ce a ba shi kunu."

"Yau aka canza. Kawo in riƙe."

Ta dube ni, ta sakar mini kular. Na kai ta mota na kulle a but.

Surukin ya iso da abokinsa, aka samu leda ta biyu wajen ƙarfe goma. Amma tun asuba jakar fitsarin ba ta ƙaru ba. Likita Adila ta ɗaga ta ta nuna mini: ɗan abin da ke ciki baƙi ne, bai kai rabin kofin shayi ba. Ta ce jinin da ya farfashe ya toshe ƙoda. Ta ce wankin ƙoda yake buƙata, amma zuciyarsa ba za ta ɗauka ba sai jinin ya hau. Na sake kiran Munzali. Ya ce jinga ta ɓalle a wuri ɗaya, suna kai, da sun toshe zai turo mutane.

Da azahar Ya Gumsu ta iso daga Birniwa. Ƙanwar mahaifiyarsa ce, ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ya Mairam ta tafi salla. Tsohuwar ta tsaya a kansa da sandarta, ta buɗe masa ido da yatsa, ta sunkuya ta dubi jakar da ke rataye a gindin gado. Ta yi masa magana da Barbarci, ya amsa da kai. Sannan ta fito baranda ta zauna a ƙasa.

"Waye ya ba shi?" ta tambaye ni.

"Ni ne."

Ba ta ɗaga kai ba. "A Sudan aka haife mu, kan hanyar Makka, lokacin da ake tafiya a ƙasa. Yayyena maza biyu suka rasu a mako ɗaya. Ido kamar an shafa kurkur, fitsari kamar wannan. Ubanmu ya ci waken tare da su a kwano ɗaya, ko ciwon kai bai yi ba. Uwarmu ta ce to daga wajenta ne, don ita ma haka ƙaninta ya tafi. Ta tara mu mata ta ce duk wadda ta haifi namiji ta hana shi. Uwarsa ta hana shi. Na ji da kunnena."

"Ya ce shi ɗan gidan ubansa ne."

"Haka duk suke cewa."

Likita Adila tana tsaye a bayanmu da fayil, ta ji komai. Ta ce tsohuwar ta yi daidai: ta wajen uwa yake bi ya kama ɗa namiji. Ta ce 'ya'yan Fannami mata dukansu suna ɗauke da shi, kuma kowane ɗa namiji da suka haifa yana iya gadonsa. Ta ce in tabbatar an faɗa musu, a kai yaran gwaji.

Uku da rabi mutanen Munzali suka iso, su uku. Suna ɗakin gwaji numfashin Fannami ya canza. Ina riƙe da ƙafarsa, Ya Mairam tana wajen kansa tana maimaita masa kalmar shahada. Ya tambaya ko ruwa ya shiga. Na ce an toshe. Gaskiya ne, an toshe. Huɗu da minti goma ya cika. Leda ta uku tana hannun nas a bakin ƙofa.

Muka yi masa sutura kafin magariba. Ƙasar maƙabarta a jiƙe take, sai da aka kwashe ruwa daga kabarin da kwano.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya tambaya, shawara ake ce masa. Ya Gumsu ba ta ce wa kowa komai ba; ta ce mini ita ta faɗa sau ɗaya a duniya ba a ji ba, yanzu wanda ya kawo shi ya faɗa. Na yi niyyar in samu 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya idan sun koma gidajensu, ba tare da uwarsu ta sani ba. Ta haka alkawarin zai tsaya.

Ranar Talata, bayan addu'ar uku, mutane sun fara watsewa. Saudatu ta fito daga gidan mamacin ta kira ni gefe.

"Malam, Ya Mairam tana raba sauran waken nan kashi uku. Wai kowace ta tafi wa yaranta da shi, albarkar Madina, kuma shi ne abin da ubansu ya ci na ƙarshe. Mansura har ta sa nata a jaka, motarsu na jira."

Mansura tana da maza biyu. Ma'u tana da ɗaya.

Na yi sallama a zaure. Na ce wa Saudatu ta shiga ta ce ina son magana da Ya Mairam da 'ya'yanta, kuma a fito da ƙullin waken duka uku. Suka zo bayan labule. Ina ganin ƙafafunsu kawai.

"Ya Mairam, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam Abdulwahid."

"Waken nan kada wanda ya ci. Ba shawara ce ta kashe Fannami ba."

Na faɗa musu abin da likita ta ce, da abin da Ya Gumsu ta ce, a jere, ban rage ba. Na faɗi abin da za a hana yaran, da inda za a kai su gwaji. Na ce ni na kawo waken, ni na matsa masa ya ci ranar farko bayan ya ce an hana shi, ni kuma na aika da sauran buhun. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ta fara kuka, wata ta ce mata ta yi shiru.

"Ranar da ka karɓi kula a hannuna," in ji Ya Mairam, "ka sani?"

"Na sani."

"Shi ma ya sani?"

"Ya sani. Shi ya ce kada in faɗa miki."

A waje direban yana danna hon.

"Na ƙarshen da cokali na ba shi," ta ce. "Yana kawar da kai."

Hannunta ya fito ta ƙarƙashin labule ya turo ƙulli uku, ɗaya bayan ɗaya, har suka taɓa ƙafata.

"Mansura, ki rubuta sunan abin a takarda," ta ce. "Ki ba mijinki. Ki ba malamin makarantarsu. Tashi, mota na jira."

Na ɗauki ƙullin na koma gida. Na zauna a tsakar gida, jikin katanga. Motar Kafin Hausa ta tashi, sauran baƙin suka bi bayanta, unguwa ta yi tsit. Daga can ɓangaren katangar, gidan Fannami, na ji an jawo tukunya, na san ta waken ce, an zuba ruwa, an fara goge ta da soson ƙarfe. Aka ɗauraye. Aka sake farawa. Har aka kira la'asar ana gogewa.